Ƙungiya ta ja mini kari-oba, abokai kuma na so in fito takarar SUG

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne ɗan aji biyu a sashen Kemistiri na wata jami'ar tarayya a Arewa, shekarata 21. Na gama aji ɗaya da CGPA (matsakaicin makin karatu gaba ɗaya) 3.72 a kan yunit 36. Da muka shiga aji biyu sai aka zaɓe ni sakataren ƙungiyar ɗaliban jiharmu. Ina cikin ƙungiyar sashenmu, ina buga wa hostal ɗinmu ƙwallo kusan kullum da yamma, ga kuma ta'alimin MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Najeriya. Sakamakon zangon farko ya fito: GPA 2.10 a kan yunit 20, da kari-oba biyu (kwasa-kwasan da na faɗi, sai na maimaita su), ɗaya mai yunit 3, ɗaya mai yunit 2. Yanzu abokaina sun matsa sai na fito takarar daraktan walwala na SUG, ƙungiyar ɗaliban jami'ar baki ɗaya, har wani yaron ɗan siyasar garinmu ya ce zai ba ni naira 150,000 na fom da fosta. Mahaifina ya ji labarin takarar a bakin wani, ya kira ni ya ce karatu ya aike ni, in fita daga kowace ƙungiya. Bai san da kari-oban ba tukuna. Ni kuwa gaskiya a harkar ƙungiya nake jin ina da amfani. Yau mako biyu da komawarmu zango na biyu. Yaya zan yi?

Ɗalibi, daga Arewa maso Yamma

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗanmu. Kada ka fito takarar nan bana, kuma kada ka karɓi ko sisi daga kuɗin nan. A kan waɗannan biyun ba mu da wani kokwanto. Maganar fita daga kowace ƙungiya kuwa tana da gyara, amma gyaran a gaban mahaifinka za a yi shi, ba a bayan idonsa ba. Kafin mu je can, ɗauko biro da takarda, domin lambobin da ka rubuto sun riga sun ba da rabin amsar.

A tsarin maki biyar da yawancin jami'o'in Najeriya ke bi, A (70 zuwa 100) maki 5 ne, B (60 zuwa 69) maki 4, C (50 zuwa 59) maki 3, D (45 zuwa 49) maki 2, E (40 zuwa 44) maki 1 a inda ake amfani da shi, F kuma sifili. Ana ninka makin kowane kwas da yawan yunit ɗinsa, a tara duka, a raba da jimlar yunit ɗin da ka yi wa rajista. A aji ɗaya ka tara maki 134 a kan yunit 36, shi ne ya ba ka 3.72. Zangon da ya wuce ka tara 42 a kan 20. Haɗa su: 176 a kan 56, wato 3.14. Layin darajar digiri ta 2:1 yana farawa ne daga 3.50 ya tsaya a 4.49, 2:2 kuma daga 2.40 zuwa 3.49. Ke nan zango guda ya sauko da kai daga wannan daraja zuwa waccan.

Yanzu duba gaba. Mu ƙaddara kafin ka kammala za ka yi rajistar yunit 150 gaba ɗaya, har da waɗanda za ka maimaita. Ainihin adadin yana cikin littafin jagoran sashenku, ka duba ka musanya, amma lissafin ba zai yi nisa da wannan ba. Fita da 3.50 yana buƙatar maki 525. Kana da 176, saura 349 a cikin yunit 94. Wato daga yau sai ka riƙa samun 3.71 a kowane zango, kusan abin da ka yi a aji ɗaya. Abu ne mai yiwuwa, domin ka taɓa yin sa. To amma idan wannan zangon ya sake fitowa kamar wancan, za ka koma 218 a kan 76, wato 2.87, sannan abin da za ka nema a sauran yunit 74 ya haura zuwa 4.15 a kowane zango, a cikin kwasa-kwasan aji uku da huɗu da suka fi na baya tsauri. Kaɗan ne ke iya wannan. Dalilin da ya sa muka ce bana ba shekarar takara ba ce ke nan: wannan zangon da kake ciki shi ne na ƙarshe da gyara ke da araha.

Akwai kuma abin da ɗalibai da yawa ba sa hanga game da kari-oba sai ya iso. Kwas ɗin zangon farko a zangon farko ake maimaita shi. Waɗannan yunit 5 ɗin ba za su dame ka yanzu ba, jiranka suke a farkon aji uku. Ƙa'idar rajista a yawancin jami'o'i ita ce kada ɗalibi ya gaza yunit 15 ko ya wuce 24 a zango, kuma kari-oba ake fara sakawa kafin sababbin kwasa-kwasai. Idan aji uku na ɗauke da yunit 21 ko 22, da ka ɗora 5 a kai ka wuce iyaka, dole a ajiye wani kwas zuwa aji huɗu. Idan kuma ɗaya daga cikin waɗanda ka faɗi sharaɗi ne na ɗaukar wani kwas na gaba, ba za a bar ka ka yi rajistar na gaban ba sai ka ci na bayan. Sannan sifilin da ka samu ba ya goguwa a yawancin wurare ko da ka ci kwas ɗin daga baya. Yunit ɗin sau biyu za su shiga cikin abin da ake rabawa da shi.

Mafi haɗari shi ne faɗuwa a wannan zango na biyu. A sassan kimiyya da yawa, zango na biyu na aji uku ba a makaranta ake yin sa ba, ana fita sanin makamar aiki na SIWES, wanda hukumar ITF ke kula da shi, na tsawon wata shida. Duk kwas ɗin da ka faɗi a wannan zangon yana iya jiranka har zango na biyu na aji huɗu, ya haɗu da aikin bincikenka na ƙarshe. Idan ka sake tuntuɓe a can, ka shiga ƙarin shekara: sabon kuɗin rajista, sabon kuɗin ɗaki, abokanka kuma suna sansanin hidimar ƙasa. Ka tuna kuma da abin da ba ya hannunka. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wannan SIWES ɗin ya shafi takarar kai tsaye ma: wa'adin muƙamin da ake zuga ka a kai zai faɗa cikin aji uku. Daraktan walwala shi ake bugawa waya idan ruwa ya ɗauke a hostal, ko famfo ya fashe, ko an kai ɗalibi asibitin makaranta da tsakar dare. Ta yaya za ka yi haka kana wani kamfani ko ɗakin gwaji a wani gari?

Ba raina siyasar ɗalibai muke yi ba. Tana da tarihi mai nauyi a ƙasar nan. A 1978 ɗalibai suka fito zanga-zanga kan ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini, suna neman a tuɓe kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayuka, har da a Samaru, gwamnatin Obasanjo ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, sai a 1980 NANS ta maye gurbinta. Wanda ya riƙe muƙamin SUG da gaskiya yana koyon abubuwan da ba a koyarwa a aji. Amma shi ne kuma wanda sunansa ke kan takarda idan zanga-zanga ta rikiɗe aka fasa gilasai: a rufe makaranta, a dakatar da ƙungiya, a kira shugabanninta gaban kwamitin ladabtarwa. Ɗalibin da makinsa ke tangal-tangal ba shi da ƙafar tsayawa a wannan wuri.

Wataƙila ma ba za ka kai ranar zaɓe ba. Kwamitin zaɓe yana tantance 'yan takara, kuma tsarin mulkin ƙungiyoyi da yawa yana gindaya mafi ƙarancin CGPA, wasu har da sharaɗin babu kari-oba a wuyan ɗan takara, da takardar shaida daga shugaban sashe, da wankewar ofishin tsaro. Kuɗin fom ba a mayarwa. Tambayi waɗannan abokan naka ko akwai wanda ya karanta sashen sharuɗɗan takara a cikinsu kafin su fara zana maka fosta.

Batun naira 150,000 kuwa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ɗan siyasa ba ya kashe kuɗi a zaɓen ɗalibai don Allah da Annabi. Abin da ake nema daga baya sananne ne: ka cika mota da ɗalibai zuwa gangami, ka sa hannu a takardar goyon baya da sunan ƙungiya, ka shirya bikin ba maigida lambar yabo, ka yi shiru ran da kuɗin tallafin karatu na jiha ya maƙale. Kai da kake sakataren ɗaliban jihar, hatimi da takardar ƙungiya na hannunka, shi ya sa kake da tsada a wurinsa. Ka gode masa cikin ladabi, ka ce mahaifinka ya hana ka takara, wanda gaskiya ne, kuma babu mai ja da wannan uzuri a ƙasar Hausa. Kada ka ce sai baɗi, domin zai riƙe maganar.

Wani abu kuma da ke biyo kamfen: mutanen da za su zo su ce za su ba ka kariya, ko su tara maka ƙuri'un wani hostal. Ta nan ƙungiyoyin asiri ke shigo wa yaran kirki. Alamominsu ba ɓoyayyu ba ne: taro da dare a wajen makaranta, rantsuwar ɓoye sirri, sunan laƙabi, ba su da rajista a sashen kula da harkokin ɗalibai, ba su da malamin da ke sa musu ido. Hukuncin shiga kora ce daga jami'a, ban da abin da doka ta tanada. Duk ƙungiyar da za ka ba lokacinka, ka fara tabbatar da sunanta na cikin jerin da wannan sashen ya amince da su.

To me ya cinye makin? Sau da yawa ba yawan awannin ba ne, lokacin da suke faɗawa ne. Mako awa 168 ne. Yunit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lakca a mako, ko awa uku na ɗakin gwaji. Idan cikin yunit 20 akwai 3 na gwaji, kana da awa 17 a aji da 9 a ɗakin gwaji, 26 ke nan. Ba wa bita awa 28, wato huɗu a yini. Barci bakwai-bakwai, 49. Salla, abinci, wanka, wanki, layin ruwa da zirga-zirga, mu ce huɗu a yini, 28. An tafi da 131, saura 37. A takarda akwai sarari. Amma taron shugabannin ƙungiya da aka sa bayan isha'i ba ya farawa sai tara da rabi, ba ya tashi sai sha biyu, sannan a tsaya shayi da gardama. Wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya, bayan ya yi gudun awa biyu a fili da yamma, zai yi asuba ya koma, lakcar ƙarfe takwas ta wuce shi. Ita ce kuma sau da yawa lakcar da ake ɗaukar sunaye ko a yi tes ba sanarwa.

Ƙa'idar halarta kashi 75 cikin 100 ce kafin a bar ɗalibi ya zauna jarrabawa. Kwas ɗin da ake haɗuwa sau ɗaya a mako na tsawon mako 15, fashi huɗu ya mayar da kai kashi 73. Ba kowane malami ke tsanantawa ba, amma ba ka san ranar da za a tsananta ba. Ko an ƙyale ka, makin aikin zango ya riga ya tafi. A inda aikin zango ke da 40 jarrabawa 60, wanda ya shiga da 8 yana buƙatar 52 cikin 60 kafin ya ga B. Wanda ya shiga da 30 kuwa, 30 kawai yake nema, da 40 kuma ya sami A. Muna kyautata zaton idan ka je ka duba kwasa-kwasan nan biyu da ka faɗi, za ka tarar tun kafin ranar jarrabawa suka faɗi: tes ɗin da ba ka yi ba, rahoton gwajin da ba ka miƙa ba.

Ka je ka duba ɗin, cikin makon nan. Fara da kodinetan ajinku, daga nan jami'in jarrabawa na sashe. Ka nemi a nuna maka rabon makin, nawa na aikin zango, nawa na jarrabawa. Wani lokaci kuskure ne: an tsallake makin tes, ko an rubuta ba ka zo ba alhali ka sa hannu a takardar halarta. Irin wannan ana gyara shi idan an kai ƙorafi a rubuce da wuri, ta hannun shugaban sashe. Idan ba kuskure ba ne, ka zauna da kodinetan ku tsara rajistarka har zuwa aji huɗu a takarda ɗaya, ka ga inda yunit 5 ɗin za su shiga da abin da za su ture.

Yanzu ƙungiyoyin, ɗaya bayan ɗaya, domin ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai bambanci babba tsakanin zama memba da riƙe muƙami. Memba yana zuwa idan ya sami sarari, mai muƙami kuwa ko yana da tes gobe sai an neme shi. Ta'alimin MSSN, ƙungiyar da ke nan tun 1954, ka ci gaba da zuwa a matsayin mai sauraro, awa ɗaya ko biyu a mako, kada dai ka karɓi shugabancin kwamiti idan makon wa'azi ya matso. Ƙungiyar sashe ita ce ta fi kusa da matsalarka: a nan ake tutoriyal, a nan tsofaffin tambayoyin jarrabawa suke, a nan za ka san 'yan aji uku da huɗu da za su gaya maka salon kowane malami da inda ake karɓar ɗalibai SIWES. Ka ƙara kusantarta, ba don muƙami ba. Ƙwallo ka mayar da ita sau biyu a mako, ɗaya a ƙarshen mako. Jiki na buƙatar motsi, kuma mai bita awa huɗu a yini ya fi kowa buƙatarsa. Da a ce kana cikin tawagar jami'a mai shirin gasar wasannin jami'o'i ta NUGA da maganar ta ɗan bambanta, amma gasar hostal ba ta cancanci yammaci shida ba.

Sakatarci shi ne babban nauyi, kuma amana ce da ka karɓa a gaban jama'a. Idan mahaifinka ya yarda ka ƙarasa wa'adin, ka rage girman aikin maimakon ka bar shi ya ci gaba yadda yake. Kai ne mai kiran taro, don haka kai ne mai iko da agogonsa. Ka kai wa shugabanku shawara a rubuce: taron shugabanni sau ɗaya a mako biyu, ranar Asabar bayan la'asar, domin magariba ta tashe shi dole. A tura ajanda kwana biyu kafin ranar, batutuwa kada su wuce biyar. Ka rubuta bayanin taron nan take a wurin, abin da aka yanke da wanda aka ɗora wa da ranar cikawa, ba sai ka koma ɗaki ka kwana kana tuno wa ya ce me ba. Mataimakin sakatare ya ɗauki sanarwa da kula da zauren WhatsApp. Ai don haka aka zaɓe shi. Kai kuma ka kashe ƙarar zaurukan, ka duba saƙo sau biyu a yini, bayan azahar da bayan isha'i. Makon tes da mako uku kafin jarrabawa babu taro, babu bikin al'adu, babu ziyarar gaisuwa ga manyan jiha. Duk harkar ƙungiya kada ta wuce awa shida a mako, kuma kada ta taɓa lokacin lakca ko ɗakin gwaji, ko wane ne ya zo gari.

Tun da kana riƙe da takardu, ga abin da ke jefa sakatarori cikin tsaka mai wuya. Kada kuɗin ƙungiya ya taɓa shiga asusunka na banki, ko da na kwana ɗaya ne, ko da ma'aji ne ya roƙe ka. Duk abin da aka saya a karɓi rasit. Kada ka sa hannu a takardar da babu komai a kanta, ko takardar cire kuɗin da ba a rubuta amincewa da shi a bayanin taro ba. Idan hukumar tallafin karatu ta jiharku ta nemi jerin sunayen ɗalibai, ka sa wanda ka ga katinsa da shaidar rajistarsa ta bana kaɗai. Sunan bogi guda a wannan jerin ya isa ya kai ka gaban kwamitin ladabtarwa, kuma wanda ya roƙe ka ka saka ba zai raka ka ba.

Idan abokan aikinka suka ƙi wannan tsari, ko mahaifinka ya tsaya a kan bakansa, ka sauka, amma ka sauka da tsari. Rubuta takardar murabus ga shugaba, kwafi ga malamin da ke kula da ƙungiyar da sashen harkokin ɗalibai, ka ba da wa'adin mako biyu. Ka lissafa abin da ke hannunka a takarda: littafin bayanin taro, hatimi, takardun wasiƙa masu tambarin ƙungiya, rajistar membobi, kalmar sirrin imel. Wanda ya karɓa ya sa hannu, kai ma ka sa, kowa ya riƙe kwafi. Idan kana cikin masu sa hannu a asusun banki, kada ka tafi sai an rubuta wa banki an cire sunanka, domin muddin yana nan, duk kuɗin da ya ɓata za a iya tambayarka. Masu sulalewa ba sallama su ne ake yi wa ƙazafi bayan shekara guda.

Dalilin da ya sa ba mu ce ka share komai da kanka ba shi ne, abin da ka ce kana ji, cewa kana da amfani a cikin jama'a, ba ƙaramin abu ba ne, kuma ana nemansa a gaba. Tallafin karatu na Chevening da gwamnatin Birtaniya ke bayarwa, alal misali, yana sa mai nema ya rubuta bayanin shugabancin da ya taɓa yi da yadda yake ƙulla hulɗa da mutane. Sai dai irin waɗannan gurabe, da na asusun bunƙasa fasahar man fetur, PTDF, da guraben ɗaukar sababbin ma'aikata a manyan kamfanoni da bankuna, galibi 2:1 suke fara tambaya. Wanda bai kai ba, ba a ma buɗe shafin da ya rubuta shugabancinsa. Kuma ba sunan muƙami ake saye ba, abin da ka aikata da shi ne. Sakataren da zai iya cewa ya tsara rajistar membobi, ya shirya tutoriyal ga 'yan aji ɗaya na tsawon zango, ya miƙa littafi cikakke ga magajinsa, ya fi wanda ya tara muƙamai huɗu ba shi da abin nunawa. Ka riƙa ajiye shaida tun yanzu: kwafin wasiƙun da ka rubuta, rahoton ƙarshen wa'adi, takardar shaidar hidima mai sa hannun malamin ƙungiya.

Ɓangaren karatun ba shi da wani sirri. Zauna a layin gaba. Bitar lakca a ranar da aka yi ta, ko ta minti 30 ce, ta fi kwanan zaune uku a makon jarrabawa. Kwasa-kwasan lissafi da na kemistirin da ke da ƙididdiga da biro ake karanta su, ba da ido ba: warware tambayoyin shekaru biyar da suka wuce, ka kai wa mai tutoriyal inda ka maƙale. Rahoton gwaji ka rubuta shi a daren da aka yi gwajin, tun lambobin na gabanka. Rukunin bita kada ya wuce mutum huɗu ko biyar, kuma kada ya zama su ne 'yan kwamitin kamfen ɗinka. Kwasa-kwasai masu yunit 3 ka ba su kaso mafi tsoka, domin B a can maki 12 ne, a kwas mai yunit 1 kuwa 4 kacal.

Saura mahaifinka. Ya fi ka gaskiya fiye da yadda shi kansa ya sani, tun da bai ga sakamakon ba ya hango inda aka dosa. Yadda labarin takara ya same shi a bakin wani, haka na kari-oba zai same shi, kuma ranar ba maganar ƙungiya za a yi ba, maganar ɓoye-ɓoye za a yi. Kada ka faɗa masa ta waya. Je gida a ƙarshen makon nan ko na gaba, da sakamakon a buge a takarda. Idan kana jin nauyin fara magana, ka fara shaida wa mahaifiyarka, ko ka nemi baffanka ko kawunka da yake jin maganarsa ya zauna tare da ku. Ka fara da abin da ya umarta wanda ka riga ka cika: ka janye daga takara, ka mayar da tayin kuɗi. Sannan ka nuna masa kari-oban ba tare da ɗora wa malami ko abokai laifi ba, ka nuna masa lissafin 3.71 ɗin nan, da jadawalin makonka. Daga nan ka roƙi abu guda: ya bar ka ka ƙarasa sakatarcin zuwa ƙarshen shekarar karatu a kan awa shida a mako, da sharaɗin za ka kawo masa makin tes ɗinka a tsakiyar zango, idan bai gamsu ba ka miƙa littafi a ranar. Idan ya ce a'a, ka bi, ka yi murabus yadda muka bayyana. Ta'alimi da tutoriyal da ƙwallon Asabar ba su ne yake nufi ba, amma su ma ka ambata masa don kada ya ji daga baya.

Takara kuma ba ta gudu. Idan zanguna biyu masu zuwa suka fito da 3.70 ko sama, kari-oban suka fita, ka dawo daga SIWES, ka sake duba maganar da iznin mahaifinka da kuɗin aljihunka. A lokacin ma mun fi so ka nemi kujerar majalisar wakilan ɗalibai ko shugabancin ƙungiyar sashe, waɗanda zamansu ke da rana da lokaci, a kan daraktan walwala da wayarsa ba ta yin shiru a shekarar da za ka rubuta aikin bincikenka.